Sandar Rufe Ruwa

Ni ba mutum ne mai yawan waiwaye ba, aikin tuƙi bai bar ni ba. Duk wanda ya tsufa yana jan mota a titunan Riyad ya san gaba ake kallo, in ka tsaya tunani sai na bayanka ya danna maka ham, ya bi ka da irin Larabcin da ba a koyarwa a makaranta. Amma kwanakin nan na rasa gane kaina. Sau biyu ina wuce kwanar gidanmu a Badi'a, gidan da na fi shekara ashirin ina shiga. Abin da ke cin raina kuwa ba takardar iƙama ba ce, ba ciwon gwiwa ba ne. Sunan mahaifina ne, wanda ya kwanta dama tun tuni da wani tabo a kansa, kuma ni na shafa masa shi.

Abu biyu suka taso mini da maganar a mako guda. Na farko kafilina ne, wato Balaraben da takardar zamana ke hannunsa. Dattijo ne kamata, tare muka yi furfura, shi a kujerar baya ni a gaba. Ya dawo daga hutun bazara a wata ƙasar Turawa mai sanyi, muna tsaye a danja wajen Murabba sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Shuf, ya Hajji," wai in duba. Na duba. Ga shi a cikin jirgin ruwa tsakiyar wani tafki, ya ɗaga wani kifi mai faɗin baki yana washe haƙora. A hoto na biyu wani kifin ne dogo, idonsa fari yana ƙyalli kamar gilashi. Ya ce a can in ka kama sai ka auna tsawonsa, in bai kai ba ka mayar da shi ruwa. Lokacin da kifi ke zuba ƙwai kuwa, mamnu'u, an hana kowa, ko ɗan wane ne. Yana ta jinjina kai wai Turawa har kifi sun yi wa tsari. Wallahi maganar ta zo mini har baki, in ce masa ranka ya daɗe mu da ba mu da takarda ko ɗan sanda mun riga su. Sai na haɗiye abata, don na tuna wanda ya fara karya tsarin a garinmu. Idon kifin nan ne ya tsaya mini, sak na giwan ruwa.

Na biyu saƙon murya ne daga ƙanwata, ita kaɗai ta rage mini a cikin ɗakinmu. Ta ce damina ta yi kyau shekaru biyu a jere, tafkinmu da ya koma gonar albasa ya ɗan dawo, har ana samun karfasa da tarwaɗa. Matasa sun ce a dawo da al'adar rufe ruwa kafin a sake cinye shi, aka ambaci babban ɗanta a matsayin wanda zai riƙe sandar rufe ruwan, don magidanci ne mai natsuwa kuma a ruwa ya tashi. Sai wani ya miƙe a tsakiyar taro ya ce ba a ba jinin wanda ya ci amanar ruwa. Tana kuka take gaya mini. "Yaya, mutumin nan ya mutu ya bar duniya, amma har yau ba a bar shi ya huta ba. Ni ban yi wayo ba lokacin, kai ka gaya mini, da gaske Baba ya yi?" Na saurari saƙon nan ya fi sau goma, ban ba ta amsa ba.

Yaran yanzu ba za su gane irin ruwan da nake nufi ba. In ka tsaya a bakin tafkinmu da hantsi ba ka hango ɗaya gaɓar, sai dai wani baƙi-baƙi na itatuwan giginya. Ba agogo ke tashinmu ba, ƙarar filafili ce tana bugun gefen jirgi, ƙwas, ƙwas, da tarin tsofaffi, da kukan dinya in ta tashi daga ciyawa. Kafin rana ta yi zafi mata sun jeru a kan duwatsu suna kankare ɓawon kifi, wuƙaƙe na ƙara kamar ana tsage kaba, hayaƙin banda ya rufe unguwa har tufafin sallarmu ƙamshinsa suke yi. Aikina na farko a duniya kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa ɗinkin kalli, ragar nan da ake shimfiɗawa a ruwa ta kwana, sai toshe tsagar jirgi da tsumma da kwalta, sai ɗauko itacen banda. In na yi ƙorafi Inna ta ce, "Ka ci kifin da ƙoshi, ɗinkin ne zai kashe ka?" Yau in na shiga kasuwar Batha ranar Juma'a ina ganin kifi jere a kan ƙanƙara, ido ya dushe, ba wanda ya san ruwan da ya fito. Mai sayarwa ya ce kilo kaza, ka ce ya rage, ya ce halas, wato shi ke nan, ya zuba maka a leda. Ban taɓa iya saye ba tare da na buɗe kunnen kifin na shinshina ba, har suna mini dariya.

To, ga yadda al'adar take. Da zarar ruwan sama ya zauna, tafki ya hau cikin ciyawa, manyan kifaye sukan shiga wani lungu ta gabas su zuba ƙwai. Sai Sarkin Ruwa ya sa a kafa doguwar sandar gora a bakin lungun, a ɗaura mata ganyen kaba a ka. Shi ke nan, an rufe ruwa. Ba shinge, ba mai gadi da bindiga, sanda ce kawai da iska ke kaɗawa, amma ko yunwa za ta kashe mutum ba ya wuce ta da raga ko mashi sai ranar da aka tuge ta. Wanda aka kama, a ƙone ragarsa a bainar jama'a, a jawo jirginsa tudu ya shekara a kife. Mai kafa sandar da tuge ta, mai kewaya lungun safe da yamma, mai faɗin sunan duk wanda ya keta, shi ne mahaifina. Ya gaje ta daga nasa uban. Mutum ne marar yawan magana, baƙi, siriri, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. In muka wuce lungun a jirgi yakan sassauta filafili ya ce da ni, "Yi a hankali, masu jego ne a ciki." Ba wasa yake ba, haka yake ɗaukarsu.

Ni kuwa bahago ne. An yi fama da ni a kan cin tuwo har na koma dama, amma da aka zo jifan mashi Baba ya ce a bar ni da hannun da Allah ya ba ni. Kuma na iya, ba yabon kai ba. Sai dai a wurinmu saurayi bai cika namiji ba sai ya kawo giwan ruwan da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, a rataya shi a sanda mutum biyu su shigo da shi gari yara na bin su. Sa'o'ina biyu sun yi nasu a rani, ni shiru. Kullum a dandali sai an taɓa ni. "Ɗan mai sanda, yaushe za mu ci naka? Ko hannun hagun sai karfasa?" Har 'yan mata suka ɗauka, in na wuce su ce ga mai kamun jarirai. Yanzu da furfura a kaina na san maganar banza ce, da na yi haƙuri rani mai zuwa zan samu. Amma lokacin ji nake kamar ana zuba mini barkono a ido. Kuma na san abin da sauran ba su sani ba, don ina bin Baba kewaya: na san daidai gindin ciyawar da wata uwar giwan ruwa ke kwanciya da tsakar rana.

Ranar wata Juma'a ce. Garinmu ba masallacin Juma'a, sai an taka zuwa gari na gaba, maza duk suka tafi tun hantsi. Na ce cikina ke ciwo. Da gari ya yi tsit, sai kaji da tsofaffin mata, na zare mashina mai kunne, na ɗaura igiyarsa a jikin gora, ƙwaryar nan da ke yawo a kan ruwa, na tura ƙaramin jirgi. Har yau ina jin ƙarar da ganyen kaban nan ya yi lokacin da na wuce sandar, shuu, shuu, a saman kaina. Amma ban juya ba. Na same ta inda na sani, a ruwan da bai kai ƙirji ba, bayanta ya ɗan fito, tana kaɗa jela a hankali. Ko gudu ba ta yi ba, ta saba ba a taɓa su a nan. Na miƙe na saki mashin da duk ƙarfina. Kai! Ruwa ya tashi sama, jirgi ya kusa kifewa, gora ta yi ta gudu cikin ciyawa ina bin ta. Na fi sa'a ina fama kafin ta gaji. Da na jawo ta gefen jirgi na ga idon nan yana ƙyalli yana kallona, murna ta kama ni har ina haki ina dariya ni kaɗai.

Murnar ba ta kai gaɓa ba. Ina jan ta zuwa mashigar bayan gidanmu sai cikinta ya matsu da gefen jirgi, ƙwai ya fara zuba, rawaya, yana bin ƙafata. Sai a lokacin hankalina ya dawo. Wa zan nuna wa? Kifin da na kashe don a gani, ba shi da halin ganuwa. Na rufe ta da tsofaffin tabarmi, na wanke mashi, na koma ɗaki na kwanta kamar mai ciwon cikin gaske.

Baba ya dawo daga masallaci, bai ko cire babbar riga ba ya zaga mashiga kamar yadda ya saba. Ina leƙensa ta jikin zana. Ya ɗaga tabarma, ya daɗe a tsaye. Ya tsuguna ya sa yatsa cikin raunin mashin, ya juya shi, ya shafa cikin kifin. Sannan ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakina. Na rufe ido. Na jira tsawa, na jira bulala, da ma su suka zo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Zan tafi wurin Sarkin Ruwa. Ina can." Ya ɗaure kifin da igiya, ya saɓa shi a baya shi kaɗai, jela na jan ƙasa, ya bi ta tsakiyar gari da rigar sallarsa. Ni kuwa na sulale na shige bukkar banda na ɓuya a bayan itace. Na ji kiran la'asar daga nan. Na ji mata na salati a maƙwabta. Na ga hasken da ke shigowa ta tsagar bukka ya yi ja, ya dushe, aka kira magariba. Ina ta ce wa kaina bari a jima kaɗan, bari mutane su ragu.

Bayan magariba ya dawo, babu kifi, kuma da safe wani ne ya tafi kewaya lungu. Labari ya bazu cewa mai sanda da bakinsa ya ce shi ya keta ruwa. Aka kai ragarsa dandali aka cinna mata wuta, kallin da ni da shi muka yi wata biyu muna ɗinki. Aka kife jirginsa a tudu, kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashi. Shekarar nan mahaifina, wanda manya ke tashi tsaye in ya shigo, ya koma yi wa wasu faskaren itacen banda don mu ci. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko da ido. Yana ba ni nama a kwano, yana tashina sallah, yana ce mini "sannu" in na dawo. Wannan sannun ita ta kore ni daga garin. Da ya zage ni da na zauna.

Wanda aka ba sandar bayansa mutumin kirki ne amma ba a jin tsoronsa. Damina ta gaba aka fara satar shiga, in an yi magana a ce gidan masu sandar ma sun ci. Daga nan aka zo da raga mai ƙananan ido, har gidan sauro na ga an ja a ruwa ana kwashe 'ya'yan kifi kamar tsaki. Daga baya wasu suka fara zuba maganin ƙwari. Na san ba ni na hana ruwan sama ba, ba ni na tare kogi daga sama ba, masu ilimi sun faɗi dalilansu kuma na yarda. Amma kowa ya san ƙofar da ya buɗe da hannunsa. Na tafi birni na yi yaron mota, na zama direba, wata hanya ta kawo ni ƙasar nan da ko kududdufi sai an yi tafiya. A shekarun farko babu waya, kaset ake aikowa ta hannun alhazai. Kowa a gida ya yi gaisuwarsa, Inna ta yi addu'a ta yi kuka, sai a ƙarshe a ji muryar Baba, gajeriya: ya gaishe ni, ya ce in riƙe sallah, ya ce, "To, ina nan dai." Na ɗauka gaisuwar tsofaffi ce. Ina nan Riyad ina wanke motar wani aka aiko mini ya rasu.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na zauna cikin mota a wani layi a Batha, na rufe gilashi, na danna wayar. Sau uku ina farawa ina gogewa. A na huɗu na faɗa duka. Na ce, "Ba Baba ba ne, ni ne. Ki kai wannan saƙo gaban duk wanda ya kamata, ki kunna a dandali in kin so. A zage ni, na cancanta, amma a wanke shi." Na tura kafin in sake tunani. Kwana biyu ba ta ce komai ba, na ga alamar ta saurara. Abinci ya ƙi shiga, uwar gidan kafilina har ta tambaya ko in je asibiti.

A rana ta uku saƙo ya shigo, mai tsawo. Muryarta ta fara, a dashe. "Yaya, na kai wa Kawu. Ga shi, ka ji da kunnenka." Kawu aminin Baba ne, tare suka yi ƙuruciya, kuma shi kaɗai ya rage cikin dattawan da suka zauna a zauren Sarkin Ruwa ranar nan. Ya makance, haƙora sun zube, sai na manna wayar a kunne kafin in gane shi. Ya yi tari ya ce, "Bahago, kai ne? Ashe kana da baki." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ɗana, mu masunta ne fa. Kifin nan yana faɗuwa a gabanmu muka ga raunin, ta hagu mashin ya shiga ya karkata. Ubanka bai taɓa jifa da hagu ba, kuma bahago ɗaya ne a garin. Ba wanda bai gane ba a zauren nan. Sarkin Ruwa ya ce a aika a kamo ka. Ubanka ya ce a'a, a yi masa alfarma a jira, yaronsa zai zo da ƙafarsa. Muka yi la'asar a nan. Duk wanda ya gifta ƙofar zaure sai ubanka ya ɗaga kai. Da a ce ka zo, bulala goma ce da ragarka, yaro ne kai, sanda ba za ta bar gidanku ba. Da aka kira magariba ya miƙe ya ce a rubuta shi ne, tunda shi ya haifa, shi ya nuna maka wurin. Sannan ya roƙe mu, ya haɗa mu da Allah, kada wanda ya faɗa sai ranar da ka faɗa da bakinka. Mu bakwai ne. Shida sun tafi da maganar a ciki. Ni ma na ɗauka da ita zan tafi."

Ina jin kaji a bayansa da wata mata tana daka. Sannan ya ce, "Gobe zan sa a kai ni dandali, ɗan ƙanwarka zai karɓi sandar kakansa. Wannan ya wuce. Amma ka daɗe, ɗana. Mutumin nan ya jira ka ƙwarai."

Saƙon ya ƙare a nan. Ina zaune a ƙofar gida a Badi'a, injin mota na aiki, kafilina ya fito ya shiga baya ya rufe ƙofa ya ce, "Yalla, ya Hajji." Na ce to. Na kai hannu zan saki birki, sai na ga ban san inda za mu ba, ko da yake da safe ya gaya mini. Daga bukkar banda zuwa zauren Sarkin Ruwa bai fi taku ɗari biyu ba, na sha ƙirgawa ina yaro.